Bututun Gas: Aljeriya Da Maroko Na Zawarcin Nijeriya

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

'Yan'uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan, Shagamu da Fatakwal, ga wata takara da ake yi a kan iskar gas ɗin ƙasar nan, wadda ya kamata ku san inda ta dosa, domin ta shafi gida.

Ƙasashe biyu na Larabawan Afirka, watau Aljeriya da Maroko, kowacce tana so gas ɗin Nijeriya ya bi ta ƙasarta kafin ya haye teku zuwa Turai. Aljeriya ce ta riga. A watan Yuli na 2009 aka sa hannu a nan Abuja tsakanin Nijeriya, Nijar da Aljeriya, cewa za a ja bututu mai tsawon fiye da kilomita 4,000 daga Warri, ya ratsa Arewa da hamadar Sahara, ya tsaya a Hassi R'Mel. Ana nan sai Sarkin Maroko, Muhammadu na Shida, ya kawo ziyara Abuja a watan Disamba na 2016, ya zo da nasa shirin: bututun da zai bi gaɓar teku ta ƙasashen Afirka ta Yamma, mai tsawon fiye da kilomita 5,000, wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 25.

Waɗannan maƙwabta biyu kuwa ba sa ga-maciji saboda rikicin Yammacin Sahara. A 2021 Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Maroko, ta kuma rufe bututun da yake kai gas ɗinta Sifen ta cikin Maroko. Da Rasha ta auka wa Yukren a 2022, Turawa suka shiga neman gas ido rufe, sai zawarcin ya ƙara zafi. A cikin wannan shekara Nijeriya ta sa hannu da ɓangarorin biyu duka. Gida biyu, in ji Hausawa, maganin gobara.

To, amma ga inda abin ya shafe mu. Hanyar Maroko gaɓar teku za ta bi, ba ruwanta da Kaduna ko Kano. Hanyar Aljeriya kuwa dole ta ratsa ƙasarmu, kuma ƙafarta ta farko ita ce bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, wanda ya bi ta gefen Abuja. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020. An sha sa ranar gamawa ana ɗagawa, sai a 2025 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar cewa bututun ya ƙetare kogin Kwara. Can gaba kuma juyin mulkin Nijar na 2023 da rashin tsaro a hamada sun sa masu kuɗi ɗari-ɗari.

Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna, ko Bompai da Sharaɗa a Kano, lokacin da masaƙu suke aiki dare da rana, ya san cewa rashin wutar lantarki yana cikin abin da ya durƙusar da su, ya kuma tura samari da yawa Kudu neman abinci. Gas ɗin da zai isa Kano shi ne zai iya juya injunan wuta da na takin zamani.

Saboda haka idan wakilanku na majalisa suka zo gaisuwa zango, ku tambaye su ranar da gas zai isa Kano. Maganar Turai ta biyo baya. Allah Ya sa mu ga ranar.