Tarihin Ƙasar Gwandu a Taskokin Sifen da Kyuba: Dalilin Fita Bincike Jami'o'in Masu Magana da Sifaniyanci

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa idan aka yi batun fita ƙasashen waje don nazarin tarihin ƙasar Hausa, inda hankali yake fara kaiwa shi ne Ingila, saboda takardun mulkin mallaka, sai Faransa da Jamus, sai kuma Misira da Sudan ga masu Larabci. Da wuya a ji wani ya ambaci Sifen, balle Kyuba ko Meziko. Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa akwai wasu sassa uku na tarihin ƙasar Gwandu da Kabi waɗanda ba za su kammalu ba sai an bi sawunsu zuwa ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci. Sassan kuwa su ne: tushen littattafan da malamanmu suka karanta, da dangantakar Kabi da Songhai da Maroko a ƙarni na 16, da kuma makomar mutanen da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka raba da gida. Daga ƙarshe za mu kawo irin guzurin da ya kamata ɗalibi ya tanada kafin ya ɗaura ɗamarar tafiya.

2.0 Andalus a Zauren Malam

Ɗalibin da ya tashi a Dodoru, ko Kambaza, ko Kalgo, ya yi zaman zaure gaban malami, ya daɗe da haɗuwa da ƙasar Sifen, ko da bai san ya haɗu da ita ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ce, mutumin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 848. Ishiriniya ta Alfazazi ce, shi ma haifaffen Ƙurɗuba, ya rasu a 1230. Mai Alfiyya, watau Ibn Malik, an haife shi a Jayyan, garin da yau ake kira Jaén. Mai Shaɗibiyya daga Shaɗiba ya fito, kusa da Balansiya. Alƙali Iyal, mai Ashafa, ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa, haka kuma Ibn Asim, mai Tuhfa, wanda ya rasu a 1426, alƙalin Garnaɗa ne.

Shugabannin jihadi ma daga wannan rijiya suka sha. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yawaita kafa hujja da Ƙawanin na Ibn Juzayy, malamin Garnaɗa da ya rasu a 1340, a cikin Bayan Wujubil Hijra. Malam Abdullahi na Gwandu ya lissafa Ishiriniya cikin abin da ya karanta a littafinsa Ida'un Nusukh, sa'an nan a tafsirinsa Liya'ut Ta'awili ya dogara da Ahkamul Ƙur'ani na Alƙali Abubakar ɗan Arabi, mutumin Ishbiliya, watau Sevilla ta yau. Ashe ke nan mai son ya fahimci ra'ayin Malam Abdullahi game da shari'a da tafiyar da mulki, tilas ya san zamanin da aka rubuta littattafan da ya ɗauko, da irin matsalolin da marubutansu suka fuskanta.

A wannan fage masanan Sifen sun yi nisa. Jami'ar Garnaɗa, wadda aka kafa a 1531, tana da tsohon sashen nazarin Larabci, kuma a birnin ne aka buɗe Makarantar Nazarin Larabci a 1932, inda ake tace rubuce-rubucen malaman Andalus da tarihin rayuwarsu. Abin da namu ɗalibi zai tafi da shi, wanda su can suke da ƙarancinsa, shi ne sanin yadda waɗannan littattafai suka ci gaba da rayuwa a kudancin Sahara, ana haddace su, ana fassara su da Hausa da Fulatanci, ana yanke hukunci da su, shekaru ɗaruruwa bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492.

3.0 Kabi, Songhai da Maroko

Sashe na biyu ya shafi zamanin da ya gabaci jihadi. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin Gwandu, aka ara masa wani littafi na Larabci ya kwafi abin da ya iya a cikin 'yan kwanaki. Littafin nan shi ne Tarikhus Sudan na Abdurrahman as-Sa'adi, ko da yake Barth ya zaci na Ahmad Baba ne. Watau daga Gwandu ne Turai ta fara samun wannan babban tarihi na Songhai. A cikinsa ne aka ba da labarin yadda Kanta ya ɓata da Askiya Muhammadu wajen 1516, bayan yaƙin Agadas, ya tsayar da Kabi da ƙafarta. A cikinsa ne kuma aka bayyana zuwan rundunar Maroko wadda ta karya Songhai a Tondibi a 1591.

To, a nan Sifen ta shigo. Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar, asalinsa mutumin Cuevas ne a yankin Almeriya, an kama shi tun yana yaro, ya tashi a fadar Marakish. Da yawa daga cikin mayaƙansa, waɗanda yawansu ya kai kimanin 4,000, Andalusawa ne da tubabbun Turawa. Akwai kuma wani rahoto da wani mutumin Sifen, wanda ba a san sunansa ba, ya rubuta daga Marakish a wannan shekara ta 1591 game da shirin yaƙin da makamansa. Kabi ba ta tsira daga wannan rikici ba, domin akwai wasiƙar da Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko wa Kanta Dawuda yana zarginsa da ba ragowar mutanen Songhai mafaka da taimako.

Daɗin daɗawa, a 1612 jiragen ruwan Sifen suka kama wani jirgi ɗauke da littattafan Maulaya Zaidan, ɗan al-Mansur, kimanin 4,000, aka kai su ɗakin karatun fadar El Escorial kusa da Madrid. Gobarar 1671 ta cinye da yawa, amma har yau akwai rubutattun littattafan Larabci kimanin 2,000 a wurin. Wannan Zaidan shi ne ya sallami Ahmad Baba ya koma Tambutu bayan zaman dole a Marakish. Taskar da ta fito daga wannan fada ta cancanci a duba ta da idon wanda ya san tarihin bakin Kwara.

Sai dai a nan akwai gargaɗi. Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara a littafinsa da aka buga a 1550, amma masana suna shakkar ko ya taka waɗannan ƙasashe da ƙafarsa. Luis del Mármol, shi ma mutumin Garnaɗa, wanda ya fara buga nasa bayanin Afirka a 1573, ya ɗebo abubuwa da yawa daga wurin Hasan. Saboda haka idan aka ga su biyun sun yi daidai a kan wata magana, kada a ɗauka shaidu biyu ne, sau da yawa shaida ɗaya ce aka maimaita.

4.0 Waɗanda aka Ƙetare Teku da Su

Sashe na uku shi ne mafi nauyi a zuciya, shi ne kuma wanda muka fi sakaci da shi. Bayan da Shehu ya raba sha'anin mulki a 1812, yamma da kudu maso yamma suka faɗo hannun Malam Abdullahi, daga baya Nupe da Ilori suka kasance ƙarƙashin Gwandu. Yaƙe-yaƙen da aka yi a waɗannan ƙasashe, har zuwa watsewar tsohon birnin Oyo wajen 1836, sun jefa dubban mutane cikin bauta, aka gangara da su bakin teku. Kasuwa biyu ce ta fi sayensu a lokacin: Bahiya ta Barazil, inda ake magana da harshen Fotugal, da tsibirin Kyuba, wanda yake ƙarƙashin Sifen.

Labarin boren Hausawa a Bahiya a 1807 da 1814 ya ɗan shahara a wurinmu, amma na Kyuba bai kai haka ba. A can ana kiran mutanen da suka fito daga wannan yanki Lukumi, kuma a ƙarƙashin wannan suna akwai Yarabawa, waɗanda su ne mafi yawa, da Nufawa da Hausawa. An ci gaba da shigar da bayi tsibirin a ɓoye har cikin shekarun 1860, ba a kuma soke bauta ba sai a 1886. Duk lokacin da bayi suka yi bore, kotun soja takan yi musu tambayoyi a rubuta amsoshinsu, kuma waɗannan takardu suna ajiye a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Havana, wasu rahotannin kuma a Madrid da Sevilla. Manuel Barcia, masanin tarihi ɗan Kyuba, ya yi amfani da su a littafinsa na 2014, inda ya nuna cewa da yawa daga masu boren tsofaffin mayaƙa ne waɗanda suka ƙetare da dabarun yaƙin da suka koya a gida.

Magatakardan da suka rubuta waɗannan bayanai da kunnen Sifaniyanci suka ji sunayen mutane da na garuruwa, suka rubuta yadda suka ji. Wanda zai iya gane cewa wani gurɓataccen suna Garba ne ko Mamman, ko ya gane ƙabilar mutum daga bayanin tsagar fuskarsa, shi ne wanda ya tashi cikin waɗannan sunaye da tsage-tsage. Wannan aiki namu ne, in ba mu yi shi ba kuwa, zai daɗe ba a yi shi ba.

5.0 Guzurin Ɗalibi

Na farko shi ne harshe. A jami'o'in nan da Sifaniyanci ake yawancin koyarwa, kuma akan nemi shaidar ƙwarewa, irin ta jarrabawar DELE wadda Cibiyar Cervantes take shiryawa. Mai Larabci zai tarar da kalmomi da ya saba da su, alal misali alcalde, shugaban gari, tushensu ɗaya da alƙali, aceituna kuma da zaitun. Amma kada wannan ya ruɗe shi, domin karanta rubutun hannun magatakardan ƙarni na 16 fanni ne mai zaman kansa da ake koya.

Na biyu shi ne ya tafi da tambayarsa daga gida. Nazarin Afirka a Sifen ya fi karkata ga Magrib da kuma Gini Ikwatoriya, wadda Sifen ta mallaka har 1968. A Meziko akwai Cibiyar Nazarin Asiya da Afirka ta El Colegio de México, wadda tushenta ya faro a 1964, amma ita ma fagenta nahiyoyi biyu ne. Ɗalibi zai sami ƙwararru a kan Andalus da Maroko da tarihin bauta. Sanin Gwandu kuwa shi ake sa ran ya kawo.

Na uku, wanda ya biyo bayan na biyu, shi ne ya fara gama aikin gida. Ya karanta Tazyinul Waraƙat da Infaƙul Maisuri, ya zauna a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, ya kuma zaga gidajen malamai da dattawa a garuruwa irin su Dodoru ya ji abin da ke bakinsu, ya ga abin da ke cikin gafakokinsu. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda littattafan zaurenmu, da labarin Kanta da magadansa, da makomar bayin ƙarni na 19 duk suke da wani reshe a ƙasashen masu magana da Sifaniyanci. Shawararmu ga sassan Tarihi da Larabci da Harsunan Nijeriya, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013 take kuma zaune a ƙasar Kalgo, ita ce su zaɓi ɗalibai ko da biyu ne ko uku masu ƙarfi a Larabci, a koya musu Sifaniyanci, a tura su da ƙayyadadden aiki, a kuma sharɗanta musu su dawo da hoton duk takardar da suka karanta don a ajiye a gida. A 1853 baƙo ya zo Gwandu ya kwafi littafi ya tafi da shi, duniya ta amfana. Bai kamata ya gagare mu yin irin wannan tafiya ba. Allah ya sa mu dace.