Lissafin masana da bashin da ya kayar da su

A shekarar 1994 wani gogaggen ɗan kasuwar takardun bashi a Amurka, John Meriwether, ya kafa kamfanin zuba jari mai suna Long-Term Capital Management. Cikin abokan tafiyarsa har da Myron Scholes da Robert Merton, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1997 saboda dabarar lissafin da ta fito a 1973, wadda ke ƙayyade kuɗin da ya dace mutum ya biya don samun damar sayen hannun jari nan gaba a farashin da aka yanke yau.

Sana'ar kamfanin ba ta da wuyar ganewa. Kwamfuta ce ke zaƙulo takardun bashi biyu masu kama da juna amma farashinsu ya ɗan bambanta. Sai su sayi mai arhar, su aro mai tsadar su sayar, su zauna jiran tazarar ta rufe. Ribar da ke cikin kowane ciniki 'yar kaɗan ce, shi ya sa suka dinga cin bashi don ta taru. A farkon 1998 jarinsu bai kai dala biliyan 5 ba, bashin da ke kansu kuwa ya kusa dala biliyan 125.

Lissafinsu na haɗari ya dogara ne kan yadda farashi ya saba hawa da sauka a shekarun baya, kuma ya ɗauka cewa cinikayyar da aka baza a ƙasashe daban-daban ba za ta lalace lokaci guda ba. A nan gizo ke saƙar. Ranar 17 ga Agusta 1998 Rasha ta dakatar da biyan bashinta na cikin gida, ta karya darajar kuɗinta. Tsoro ya kama masu jari, kowa ya ruga ga takardun gwamnatin Amurka, tazarar da ake jira ta rufe sai ta ƙara buɗewa ko'ina a tare. Masu bin bashi suka taso suna neman ƙarin jingina. Tamkar wanda ya ci bashi ya sayi hatsi da kaka ne, aka matsa masa ya biya tun farashi bai tashi ba.

Cikin ƙasa da wata huɗu kamfanin ya yi asarar dala biliyan 4.6. A watan Satumba reshen babban bankin Amurka na New York ya tara manyan cibiyoyin kuɗi 14, suka zuba dala biliyan 3.6 suka karɓe kamfanin. Su da ke da ƙarfin jira, zuwa shekarar 2000 kuɗinsu ya dawo.