Majigi A Hannu, Littafi A Cinya

Yau maganarmu a kan koyon Turanci ce, don kun sani yarinya ko ta ci lissafi da kimiyya, in ba ta sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a ba ta buɗuwa. Wata daga nan karatunta ke tsayawa.

A da kakanninmu sai su jira motar majigi ta zo ƙofar fada su yi kallo. Yanzu majigi ya shiga wayar hannu, har da darussan Turanci kyauta. Abin ba sabo ba ne. BBC ta fara koyar da Turanci ta rediyo tun 1943. A 1959 kuma Muryar Amurka ta fito da labarai cikin sauƙaƙƙen Turanci, kalmomi wajen 1,500 kawai, ana karantawa sannu a hankali. Yau darussan BBC suna nan a YouTube, ana ganin mai magana.

To, ganin nan shi ne amfanin bidiyo. Mu Hausawa harshenmu bai raba "p" da "f" ba, shi ya sa yarinya za ta so ta ce "pull" ta ce "full". Littafi ba zai gyara mata wannan ba. Amma in ta dubi bakin malamar, za ta ga a wajen "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su buɗe, a wajen "f" kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ke 'yar makaranta, ki tsayar da hoton, ki ɗauko madubi, ki gwada har bakinki ya saba. Kunyar me? Ai ke kaɗai ce a ɗaki.

Sai dai fa kallo yana da ruɗi. Kina zaune kina gyaɗa kai, kin ɗauka kin iya, ranar da aka ce rubuta wasiƙa sai alƙalami ya tsaya. Jarrabawa da hannu ake yinta, hannu kuwa a littafi yake koyo. Ni a ajina nakan gane mai karatu daga mai kallo tun a layin farko na insha'i.

Wane littafi? Kada ki fara da mai kauri don a ce kin iya. Akwai littattafan labarai da aka rubuta hawa-hawa saboda masu koyo. Wani malami Bature, Michael West, shi ya yi suna da wannan dabara sa'ad da yake koyarwa a Bengal cikin shekarun 1920: yakan saka sabuwar kalma jefi-jefi, ya yi ta maimaita ta har ta zauna. A jerin Oxford Bookworms, hawa na ɗaya kalmomi 400 ne kacal. Ki buɗe shafi guda a kanti ki karanta. In kalmomin da suka shige miki duhu sun wuce yatsun hannu ɗaya, ajiye shi, ɗauki na ƙasa da shi. Ki nemi ƙamus kuma. Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ya tsufa, amma har yanzu yana aiki.

Ke kuma uwargida, kada ki ce ba ki jin Turanci, ba ruwanki. Waya taki ce, ke ke sayen data, ke za ki san abin da ake kallo da ita. Ki sa a sauke darasi biyu ko uku a ajiye, a kashe intanet, don kada a zame daga darasi a faɗa waƙoƙi. Bayan sallar isha'i, an gama wanke-wanke, ki ba ta minti 20. In ta gama, ta faɗa miki da Hausa abin da ta ji, sannan ta rubuta jimla 5 da Turanci a littafinta, gobe ta kai wa malamarta ta duba.