Ruwan kilim da bangon gida: ɓarnar da bazara ke ɓoyewa, damina ta tona

A unguwar Banifandou da ke birnin Yamai, kamar a sauran unguwannin babban birnin Nijar, na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanen ƙasar suka fi kira kilim, 'yan Najeriya kuma esi, ta daina zama kayan ofisoshin gwamnati da otal-otal kaɗai, ta shiga ɗakunan kwana da shagunan ɗinki da ƙananan asibitoci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai kan haura digiri 40 kusan kullum, kuma shekarun baya-bayan nan ba su zo da sauƙi ba, tunda a ranar 3 ga Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, lokacin da guguwar zafi ta game yankin Sahel. Hukumar makamashi ta duniya ta yi hasashe a rahotonta na 2018 cewa yawan waɗannan na'urori a duniya zai tashi daga wajen biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin shekarar 2050, kuma ƙasashe masu zafi ne za su ɗauki kaso mai yawa na wannan ƙari. Sai dai mai sayen kilim kan tsaya lissafin kuɗin wuta da ƙarfin mita, ya mance cewa na'urar da ya rataye a bango tana fitar da ruwa, kuma ruwan nan, idan ba a yi masa hanya ba, bangon da ke ɗauke da ita zai fara ci.

Ruwan da ke ɗiga daga kilim ba alamar lalacewa ba ce, aikinta ke nan tun asali. Injiniyan Amurka Willis Carrier, wanda ake danganta ƙirƙirar na'urar zamani da shi, ya tsara ta farko a 1902 domin wata maɗaba'a a unguwar Brooklyn ta birnin New York, inda laimar iska ke kumbura takarda tana ɓata daidaiton launuka, saboda haka rage danshi shi ne manufar farko, sanyin kuwa ya biyo baya. Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma gwargwadon ɗuminta gwargwadon abin da take iya riƙewa: mita kubik ɗaya, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, na iska mai digiri 30 kan riƙe har wajen giram 30 na ruwa, alhali a digiri 10 ba ta wuce giram 9 da ɗan ɗoriya. A cikin ɓangaren kilim da ke ɗaki akwai lanƙwasassun bututun jan ƙarfe masu siraran fikafikan alminiyam, waɗanda gas ɗin na'urar ke sanyayawa ƙwarai, kuma idan fanka ta ja iskar ɗaki ta bi ta kansu, sai tururin da iskar ta kasa riƙewa ya koma raɓa, kamar yadda gumi ke feso wa kwalbar ruwan sanyi da aka fito da ita daga firij. Raɓar tana gangarowa cikin wani dogon faranti na roba da ke ƙarƙashin bututun, daga nan ta bi tiyo, wato siririn bututun roba da ke ratsa bango, ta fita waje. Matsakaiciyar na'ura irin ta ɗakin kwana tana iya fitar da lita ɗaya ko fiye a kowace awa idan iska ta jiƙe, abin da ke nufin cewa kwanan dare ɗaya na damina ya isa ya cika bokiti.

A nan ne yanayin Yamai ke yaudarar mai gida da mai haɗa na'urar baki ɗaya. Mafi yawan mutane suna sayen kilim ne a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ya matsa, kuma a daidai wannan lokaci iskar birnin a bushe take, danshinta bai cika wuce kashi 20 cikin ɗari ba, saboda haka na'ura kan yi ta aiki kwana da kwanaki ba tare da ta zubar da ruwan kirki ba. Mai haɗawa ya kunna, sanyi ya fito, an biya shi, kowa ya gamsu, alhali ramin da ya huda a bango ya karkato ciki maimakon waje, ko tiyon ya lanƙwashe a bayan na'urar, ko kuma ita kanta na'urar ta jirkice zuwa ɓangaren da babu mafita. Daga ƙarshen Mayu iskar damina kan fara kaɗowa daga kudu maso yamma ɗauke da laimar teku, kuma zuwa watan Agusta, wanda ya fi kowane wata ruwa a Yamai, danshin iska kan haura kashi 70 cikin ɗari. A lokacin ne kuskuren da aka yi wata uku ko huɗu baya ke bayyana, ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayan na'urar, kuma da yake sama ma tana zubarwa, sai mutanen gida su ɗora laifin a kan rufi, a kira mai gyaran kwano ya hau ya sauko, bango kuwa ya ci gaba da sha. Hanyar gane bambancin ba ta da wuya: jiƙon rufi yana bin ranakun da aka yi ruwa, na kilim kuwa yana bin daren da aka kwana da na'urar a kunne, kuma yakan faro ne daga ƙarƙashinta ya yi dogon layi zuwa ƙasa.

Maganin wannan tarko yana hannun mai gida tun ranar haɗawa, kuma bai fi ƙarfin buta ɗaya ta ruwa ba. Kafin a sallami mai aikin, ya kamata a buɗe murfin na'urar, a tsiyaya ruwa a hankali a kan fikafikan har ya sauka cikin farantin, wani kuma ya tsaya a waje ya ga ko duk abin da aka zuba ya fito ta bakin tiyo. Idan ya fito da jinkiri, ko wani ya zubo ta ciki, aikin bai kammala ba. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce tiyo ya riƙa gangarowa da aƙalla santimita ɗaya a kowace mita, ba tare da ya yi ciki a tsakiya ko ya sake hawa ba, kuma a toshe kewayen ramin bangon domin kada ruwan sama da iska ta koro ya biyo ta nan. Bututun jan ƙarfe biyun da ke haɗa ɓangaren ciki da na waje su ma suna yin gumi, shi ya sa ake tufatar da su da baƙin soso, wanda ranar Yamai ke ƙonawa ya ruɓe cikin 'yan shekaru idan ba a naɗe shi da tef ba, kuma inda aka binne su cikin bango ko aka bi da su ta saman silin ba tare da wannan sutura ba, ɗigon na iya ɗaukar watanni yana aiki kafin tabo ya fito.

Na'urar da aka haɗa daidai ma tana iya juyawa ta zubar a ciki, kuma a Yamai babban sanadin shi ne ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu kan cika ragar tace iska da garin ƙasa, guguwar da ke gabatar ruwan farko ta ƙara nata, kuma idan ragar ta toshe, iskar da ke bi ta kan bututun ta ragu, sai sanyin ya wuce kima har raɓar ta daskare ta zama ƙanƙara. Ƙarancin gas, wanda yoyo a mahaɗar bututu ke jawowa, shi ma yana haifar da wannan daskarewa. Muddin na'urar na aiki ƙanƙarar na nan manne, amma da zarar an ɗauke wuta sai ta narke gaba ɗaya, ta fi ƙarfin farantin, ta kwararo kan bango da katifa da abin da ke ƙasa. Mazauna Yamai ba baƙin ɗaukewar wuta ba ne, musamman tun watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da aka maido, kuma duk da tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, bazara ba ta rasa yankewa. Ƙurar da ta tsallake raga kuwa tana haɗuwa da ruwa ta zama taɓo a cikin farantin, gansakuka ta tsiro a kanta, har ƙaramin ramin mafitar ya liƙe. Daga waje kuma zanzaro na son bakin tiyo, yakan cika shi da laka a watannin da na'urar ke hutawa, haka nan wanda ya tsoma bakin tiyon cikin bokiti har ruwa ya rufe shi ya hana iska fita, ruwan sai ya koma baya. Wanke raga da ruwa kowane mako biyu aiki ne da matar gida ko babban yaro zai iya bayan an kashe wuta, amma wanke fikafikai da farantin da duba gas na mai gyaran kilim ne, kuma lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne watan Mayu, bayan ƙurar hunturu ta wuce, kafin laima ta iso.

Girman ɓarnar ya danganta da abin da aka gina gidan da shi. A ginin bulo, danshi kan fara da kumbura fenti, sannan wani farin gari mai kama da kanwa ya feso, wanda gishirin cikin siminti da ƙasa ne da ruwa ya narkar ya fito da shi, daga baya yaɓen ya riƙa marmashewa. Idan ruwan yana taruwa a kan rufin kankare ko yana bin ginshiƙi, yakan kai ga rodin da ke ciki, kuma da yake tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tsaga kankaren daga ciki. Wanda ya fi haɗari shi ne ginin ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti, irin wanda ya yawaita a gidajen haya na Yamai, domin simintin na hana danshin da ya shige bayansa fita, tubalin ƙasa ya yi laushi a ɓoye alhali fuskar bangon tana nan sumul, har ranar da wani babban ruwan Agusta zai same shi ba ƙarfi. Gara ma tana bin danshi zuwa katakon rufi da ƙofa, funfuna kuma, wato baƙin tabon da ke tsirowa a bango mai laima, tana tayar wa masu asma da ƙananan yara tari da sarƙewar numfashi. Mafi gaggawa a cikinsu duka shi ne ruwan da ke bin bango zuwa soket, domin sau da yawa ana kafa makunnin kilim ne dab da ƙarƙashinta, kuma inda aka ga haka, kashe wutar daga babban makunni shi ne matakin farko kafin a taɓa komai. Gyaran bango kuwa ba a fara shi da fenti, sai an tsayar da ɗigon, an ɓamɓare yaɓen da ya kumbura, an bar wurin ya bushe sarai.

Akwai wasu na'urori biyu da ke da nasu yoyon. Ta farko ita ce mai sanyaya iska da ruwa, wadda ke jiƙa wasu tabarmi fanka ta hura iska ta cikinsu, kuma ta karɓu a Yamai saboda ba ta cin wuta kamar kilim. Ita ƙara wa iska danshi take yi, shi ya sa take amfani a busasshiyar bazara, da damina kuwa laima kawai take ƙara wa ɗaki. Wadda aka jona da famfo tana da ɗan balan-balan mai rufe ruwa idan tankin ya cika, irin na tankin ban-ɗaki, kuma idan ya ci ko ya maƙale, ruwan famfon da ya dawo cikin dare da ƙarfi bayan an ɗauke shi kan yi ta ambaliya a gindin bango har asuba, don haka ya dace a sa mata makullin famfo nata, a kuma zubar da ruwanta a rufe ta idan damina ta kankama. Ta biyu ita ce tukunyar ɗumama ruwan wanka mai aiki da lantarki, wadda ake nema a Disamba da Janairu. Ruwa yana ƙara girma idan ya yi zafi, saboda haka an yi mata bawul, wato ƙaramar ƙofar da ke sakin rarar ruwa idan matsi ya yi yawa, kuma ɗigon da ke fita ta nan lokacin ɗumamawa ba aibi ba ne, a yi masa tiyo zuwa magudana. Toshe wannan ƙofa domin a huta da ɗigo ganganci ne da ke iya fasa tukunyar.

Saura inda ruwan kilim zai sauka bayan ya fita. Barin tiyo yana ɗiga a gindin bango mayar da matsalar daga ciki zuwa waje ne kawai, barinsa kuma yana zuba a titi ko a bangon maƙwabci tauye haƙƙi ne da ke yawan haddasa husuma a gidajen haya, ga shi ɗan kududdufin da ba ya bushewa ya ishi sauro, wanda ke tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Ruwan ba na sha ba ne ko girki, tunda ya bi ta ƙura da ƙarfe da gansakuka, amma yana da kyau ga shara da wankin tsakar gida da ban-ruwan dogon yaro ko lemun tsami, idan an tara shi a jarka mai murfi ana juyewa kullum, ko an ja tiyon zuwa gindin bishiyar da ke nesa da ginin. A gidan haya kuma, ya kamata mai gida da ɗan haya su daidaita tun kafin a huda bango a kan inda tiyo zai bi da wanda zai ɗauki nauyin wankin shekara, domin kuɗin wankin bai kai na buhunan siminti da lebura ba. Duk mai kilim a Banifandou da ya ga hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, to ya kashe na'urar, ya zuba buta ɗaya ta ruwa a farantinta, ya fita ya duba bakin tiyo, kuma idan ruwan bai fito ba, ya kira mai gyara kafin watan Yuni ya shiga.