Bin Sawun Aiki Don Gano Inda Lokaci Ke Zurarewa

Yadin da aka kai wa tela kan yi mako biyu a shago, alhali yanka da ɗinki da guga ba su wuce 'yan awoyi ba. Sauran lokacin zaman jira ne: a jira zare, a jira wuta, a jira mai surfani. Haka abin yake a masana'anta da asibiti da ofis, kuma wannan giɓi shi ne dabarar zana taswirar aiki take fitarwa fili.

Dabarar ta samo asali ne daga kamfanin Toyota na Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ba shi da ƙarfin jibge kaya kamar takwarorinsa na Amurka. Injiniya Taiichi Ohno, wanda ya bayyana tsarin aikin kamfanin a littafinsa na 1978, ya kasa ɓarna gida bakwai, ciki har da jira, da yawan kai-komo da kaya, da gyaran aikin da aka ɓata. A ganinsa, mafi muni ita ce ƙera abin da ba a buƙata tukuna, domin tulin kaya na ɓoye sauran matsaloli kamar yadda cikar kogi ke ɓoye duwatsu.

Zana taswirar ba ya buƙatar kwamfuta. Takarda da fensir sun wadatar. Akan ɗauki abu guda, a bi shi da ƙafa tun daga karɓar oda har ya isa hannun mai saye, ana rubuta mintunan da aka yi ana aiki a kansa da waɗanda ya yi a ajiye. A kowane mataki sai a tambaya: da mai saye zai ga wannan, zai yarda ya biya kuɗinsa? Sa hannun mutum huɗu a takarda ɗaya ba kasafai yake tsallake wannan tambaya ba.

Akwai inda ake tuntuɓe. Taswirar da manaja ya zana a ofis tana nuna yadda yake zaton ana aiki ne kawai, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Toyota, ma'aikaci na da ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa mota idan ya ga aibi. Inda kuwa aka mai da dabarar hujjar korar ma'aikata, kowa sai ya kama bakinsa, gyara ya tsaya.

Rage ajiya ma na da iyaka. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka afka wa Japan a Maris na 2011 sun katse wa Toyota kayan haɗi, aikinsa ya yi watanni bai daidaita ba. Daga nan kamfanin ya nemi masu kawo masa muhimman kaya su riƙa ajiye na ko-ta-kwana. Gidan burodin da fulawarsa ke zuwa daga nesa, bisa hanya marar tabbas, yana buƙatar irin wannan lissafi kafin ya rage buhunan da ke sito.