Daidaita Rumbun Takardun Manazarci Tsakanin Kwamfuta da Waya ta Ma'ajiyar Gajimare: Duba Daga Unguwar Tudu, Ƙasar Gwarzo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda manazarci zai riƙe rumbun takardunsa guda ɗaya, ya kuma same shi daidai a kwamfuta da wayar salula ta hanyar ma'ajiyar gajimare. An ɗora bayanin ne a kan yanayin malamai da ɗaliban ilimi na yammacin Jihar Kano, musamman Unguwar Tudu da maƙwabtanta a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo. Maƙalar ta nuna cewa gajimare mahaɗa ce da na'urori ke musayar canje-canje a cikinta, don haka duk abin da ya lalace a na'ura ɗaya zai bi ta nan ya lalata na sauran. Daga nan ta kawo tsarin aiki da ya dace da wurin da wutar lantarki da sabis ba su da tabbas.

1.0 Gabatarwa

Unguwar Tudu ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Gwarzo, tare da irin su Getso da Kutama da Lakwaya. Malamin makaranta da ke zaune a wannan yanki yana kuma ƙaro ilimi a Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta ke kan titin Gwarzo, rayuwarsa ta karatu a rabe take gida biyu. A birni yake ganin mai duba aikinsa ya kuma shiga ɗakin karatu, a gida kuwa yake rubutu da tattara bayanai daga bakin dattawa. Takardun nasa ma haka suke a warwatse: babin kundi a kwamfuta, hotunan rubuce-rubucen ajami a waya, muryoyin hira a memori, wani kwafin kuma a shagon da aka buga masa aiki. Idan tafiya ta yi nisa sai a wayi gari da babi na uku har kashi huɗu, ba a san wanne ne ya ƙunshi gyaran ƙarshe ba. Wannan matsala ce fasahar daidaitawa ta zo ta warware, sai dai tana da sharuɗɗan da in aka saɓa musu ɓarnarta ta fi amfaninta.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Ma'ajiyar gajimare suna ne da aka ba kwamfutocin wani kamfani da ke girke a manyan gine-gine, waɗanda ake isa gare su ta intanet. Google Drive, wanda ya fara aiki a 2012, yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma da wannan adadi ne Gmail da Google Photos ke cin abinci. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple suna ba da gigabait 5 kowannensu, Dropbox kuma gigabait 2.

Rumbun takardu a nan yana nufin abu biyu a haɗe: takardun kansu, da kuma bayanan da ke bayyana su, wato sunan marubuci da shekara da wurin da aka samo takarda da sharhin da manazarci ya yi a kanta. Daidaitawa kuwa ita ce sanya kwafi biyu ko fiye su zama abu ɗaya a kowane lokaci.

Aikin ba baƙo ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Mai kwafar littafi da hannu idan ya kammala yakan yi abin da ake kira muƙabala, wato ya karanta kwafinsa yana gwada shi da asalin da ya kwafo. Inda ya tsallake kalma sai ya rubuta ta a gefen shafi, ya sa alamar sahha. Manhajar daidaitawa wannan aiki take yi cikin sauri, amma ta sha bamban da malami a abu ɗaya: malami yana sanin wanne ne asali wanne ne kuskure, ita kuwa sabon canji kawai take gani ta bi shi.

3.0 Yadda Daidaitawa Ke Gudana

Idan aka saka manhajar a kwamfuta, takan keɓe folda ɗaya ta riƙa lura da ita. Da zarar fayil ya canza sai ta aika canjin zuwa kwamfutocin kamfanin, daga can kuma sauran na'urorin da ke kan asusun su sauke shi. Dropbox yana yayyanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace megabait 4, ya aika gunduwar da ta canza kaɗai, wanda hakan ke rage cin data.

Abubuwa uku ne ke biyo bayan wannan tsari. Na farko, gogewa ma canji ce: fayil ɗin da aka goge a kwamfuta zai ɓace a gajimare da sauran na'urori. Na biyu, waya ba ta riƙe cikakken kwafi kamar yadda mutane da yawa ke zato. Sunayen fayiloli take nunawa, sai an taɓa ɗaya take sauke shi, in ban da waɗanda aka umarce ta da ta ajiye don amfani ba tare da intanet ba. Na uku, idan aka gyara fayil ɗaya a wuri biyu kafin na'urorin su gana da gajimare, saɓani ya auku. Mu ƙaddara malami ya gyara babinsa a waya yana cikin mota tsakanin Kabo da Rimin Gado, da dare kuma ya sake gyara tsohon kwafin da ke kwamfutarsa wadda ba ta hau intanet ba tun shekaranjiya. Ranar da kwamfutar ta samu sabis, manhajar za ta tarar da babi biyu masu suna ɗaya. Dropbox yakan ajiye duka biyun ya yi wa ɗaya laƙabi da kwafin saɓani, sauran aikin haɗa su kuma na mai su ne, layi bayan layi.

4.0 Bambancin Folda da Rumbun Bayanai

A nan ne manazarta da dama ke yin asara. Manhajojin tsara madogara, irin su Zotero wadda aka ƙirƙira a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, suna tara dukkan bayanan littattafai da sharhi a cikin fayil guda ɗaya mai tsarin SQLite. Muddin manhajar tana buɗe, rubutu take yi a cikin wannan fayil ba ƙaƙƙautawa, tare da wani ƙaramin fayil na wucin gadi da ke riƙe aikin da bai kammala ba. Idan mutum ya ɗauki wannan rumbu ya jefa shi cikin foldar Google Drive ko Dropbox, manhajar gajimare na iya ɗauke shi ana tsakiyar rubutu, ta kai wa ɗaya na'urar rabin aiki. Sakamakon shi ne rumbun da ya ƙi buɗuwa, ko wanda ya buɗu amma an rasa wani sashe nasa ba a ankara ba. Masu Zotero sun yi gargaɗi a fili game da wannan, haka ma masu DEVONthink, manhajar da ake amfani da ita a na'urorin Apple.

Hanyar da ta dace ita ce kowace na'ura ta riƙe nata rumbun a cikinta, a bar manhajar rumbun ta yi daidaitawar da kanta. Ita ta san tsarin abin da ke ciki, don haka bayani ɗaya-ɗaya take aikawa, in ta ci karo da saɓani kuma ta tambayi mai ita wanne zai zaɓa. A Zotero daidaita bayanai kyauta ne ba iyaka, amma wurin ajiye takardun da aka liƙa megabait 300 ne kawai ake bayarwa kyauta. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: takardu irin su Word da PDF da hotuna da murya suna iya zama a foldar gajimare, fayil ɗin rumbun bayanai kuwa ba ya zama a can.

5.0 La'akari da Yanayin Yammacin Kano

Waɗanda suka tsara waɗannan manhajoji sun gina su ne bisa zaton cewa intanet na nan dare da rana. A ƙauyukan Gwarzo da Kabo kuwa, na'ura na iya yin kwanaki ba ta gana da gajimare ba, kuma tsawon wannan tazara shi ke yawaita saɓani. Katsewar ma ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, wadda Gwarzo ke iyaka da ita, saboda matsalar tsaro. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, aiki ya tsaya cik a wurare da yawa na Nijeriya. Wanda takardunsa ke gajimare kaɗai, a irin waɗannan ranaku ba shi da takarda. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai batun kuɗi. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Idan hoton shafi ɗaya na rubutun ajami ya kai megabait 3, littafi mai shafi 500 zai cinye gigabait ɗaya da rabi wajen ɗorawa, ya sake cin wani wajen saukewa a na'ura ta biyu. Shafi 100 kacal ya isa ya cike gurbin kyauta na Zotero. Ga masu wayar Android kuma, tun 2024 ajiyar WhatsApp tana shiga lissafin gigabait 15 ɗin nan, kuma idan gurbin ya cika daidaitawa takan tsaya, saƙonnin Gmail ma su daina shigowa.

Akwai kuma abin da ya shafi harshen kansa. Na'ura tana ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu mabambanta, haka ɗ da d, da ɓ da b. Wanda ya sa wa fayil suna da ƙasa a kwamfuta ya zo yana neman kasa a waya, yana iya rasa shi alhali yana nan. Hoton rubutun ajami kuwa hoto ne kawai a wurin na'ura, ba ta bincike a cikinsa. Sunan da aka ba shi da bayanin da aka rubuta a kansa su ne kaɗai hanyar gano shi.

6.0 Daidaitawa Ba Ta Ɗauke Nauyin Ajiya

Tunda gogewa da lalacewa suna yaɗuwa, kwafi uku da ke daidaite da juna a haƙiƙa kwafi ɗaya ne. Google Drive yana riƙe abin da aka goge kwana 30 a kwandon shara, asusun kyauta na Dropbox ma kwana 30 yake riƙe tsofaffin kwafi. Manazarcin da bai lura da ɓatan wata hira ba sai bayan wata uku, ya makara. Gine-ginen kamfanonin ma ba su fi ƙarfin ƙaddara ba: a watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu abokan hulɗarsa suka rasa bayanansu har abada.

Asusun kansa yana iya kuɓucewa. Tun daga Disamban 2023 Google na da damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Asusun da jami'a ta buɗe wa ɗalibi na iya rufuwa bayan ya kammala. Mafi kusa da mu shi ne layin waya: da yawa lambar wayarsu ce mabuɗin dawo da asusu, alhali a 2024 an toshe layuka masu yawa da ba a haɗa su da lambar NIN ba, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuma ana iya sayar da shi ga wani.

A ƙarshe akwai amana. Hirar da dattijo ya yi, ko takardar gado da ta gona, ko littafin da wani gidan malamai ya fito da shi daga gafaka, duk da izini aka same su. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan mai riƙe bayanan mutane. Wajibi ne a sanar da masu abin inda za a ajiye shi, a kuma guji buɗe asusu a kwamfutar shago a tafi ba a rufe ba.

7.0 Tsarin Aiki

Bisa abin da ya gabata, ana iya bin waɗannan matakai:

a. A ɗauki kwamfuta a matsayin asali, a umarci manhajar ta ajiye cikakken kwafi a cikinta. Waya ta zama ta tattarawa da karantawa.

b. A daidaita kafin fara aiki da bayan kammalawa, kuma kada a kashe na'ura sai manhajar ta nuna ta gama.

c. A bar manyan hotuna da muryoyi sai an shiga inda sabis ke da ƙarfi, a kwashe su daga waya zuwa kwamfuta ta igiya. Idan za a tura hoto ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, domin in ba haka ba yana rage masa inganci.

d. A tsayar da tsarin suna guda ɗaya mai farawa da shekara da wata da rana, sannan wuri da batu, kamar 2025-03-14 Getso hira makera. A bar haruffa masu ƙugiya ga abin da ke cikin takarda.

e. A riƙe ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Duk wata a kwafe komai, har da rumbun bayanai bayan an rufe manhajarsa, zuwa faifan ajiya na waje, a cire shi a adana.

f. A rubuta lambobin dawo da asusu a takarda, a kuma sanar da wani amintacce inda suke, domin ilimin kada ya tafi tare da mai shi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa ma'ajiyar gajimare tana sauƙaƙa wa manazarcin da ke kai-kawo tsakanin Unguwar Tudu da birnin Kano samun aikinsa a duk inda yake, muddin ya san iyakarta. Tana kwafar sabon canji ne ko gyara ne ko ɓarna, ba ta jure riƙe fayil ɗin rumbun bayanai, kuma tana buƙatar sabis da kuɗi da asusu mai rai. Abin da ya rage a hannun manazarci shi ne abin da magabata suka riƙe wajen kwafar littattafai: a san asali, a riƙa gwada kwafi da shi, a kuma ajiye wani kwafin a inda abin da ya sami na farko ba zai kai gare shi ba. Ya dace sassan nazarin Hausa su shigar da wannan cikin darasin dabarun bincike, tun kafin ɗalibi ya fita tattara bayanai.