Takalmi a Ƙafa, Farashi a Jadawali

Duk wanda ya zauna a bakin titi a unguwarmu ta Gumbihini da la'asar sakaliya, ya zuba ido ga ƙafafun samarin da ke wucewa, waɗansu bisa babur waɗansu a ƙasa, ba zai daɗe ba sai ya ga takalmi mai alamar nan mai kama da lauje, wato na kamfanin Nike, ko da yake da yawa daga ciki gwanjo ne da aka zaɓo a kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, samarin nan ba su tsaya ga sa takalmin ba, har sun fara leƙa farashin hannun jarin kamfanin a wayoyinsu; kuma ran nan ɗan ƙanwata ya miƙo mini tasa, yana nuna wani dogon jadawali, ya ce, "Kawu, dubi, a 1980 hannu ɗaya bai kai santi 20 ba, yau kuwa daloli ne masu yawa." Na karɓi wayar na daɗe ina dubawa, domin maganarsa gaskiya ce ta wata fuska, kuskure ce ta wata, kuma tsakanin fuskokin nan biyu ne ilmin wannan jadawali yake.

Hannun jari, kamar yadda sunansa ya nuna, rabo ne da mutum ya mallaka cikin dukiyar kamfani, kuma ba baƙon abu ne ga wanda ya karanta babin tarayya da na ƙirali a Risala ko Muhtasar ba, illa dai a nan abokan tarayyar suna da yawa ƙwarai, ba su san juna ba, kowa kuma yana iya sayar da rabonsa ranar da ya ga dama. Kasuwar da ake wannan ciniki a Gana tana Accra, ta fara aiki a watan Nuwamba na 1990, amma abin da ke cikin jerinta bankuna ne da kamfanonin mai da na abinci da MTN, babu na takalma. Masana'antar takalma ta Kumasi da aka kafa zamanin Nkrumah da taimakon Cekosulobakiya ba a kasuwa take ba, dukawanmu na Zango kuwa jarinsu yana hannunsu da na 'ya'yansu. Shi ya sa mai son misali dole ya tsallaka teku zuwa New York, inda ake cinikin Nike da laƙabin NKE.

Shi jadawalin, a Yahoo Finance ne ko a shafin kamfanin kansa, kowane layi nasa rana ɗaya ce ta ciniki: farashin da aka buɗe kasuwa da shi, da mafi tsadar da aka kai, da mafi arha, da wanda aka tashi a kansa, sa'an nan adadin hannayen da suka sauya mai su. Wannan ba ya bukatar dogon sharhi ga ɗan kasuwa, domin haka cinikin doya yake tun daga safe har magariba. Inda ake tuntuɓe shi ne, alƙaluman shekarun baya ba su ne ainihin abin da aka biya a ranar ba. An gyara su, kuma wanda bai san dalilin gyaran ba kamar mai karanta matani ne bai duba hashiya ba.

Ga yadda al'amarin yake. Lokacin da Nike, wanda Phil Knight da malaminsa na tsere Bill Bowerman suka kafa a 1964 da wani suna daban, ya fara sayar wa jama'a hannayensa a watan Disamba na 1980, dala 22 aka sayar da kowane ɗaya, ba santi 20 ba. Amma idan farashin hannu ya yi tsada har ƙaramin mai saye ya fara jin nauyinsa, kamfani yakan tsaga kowane hannu gida biyu, mai guda ɗaya ya wayi gari da biyu, kowane kuma da rabin farashin jiya, kamar dai a canza maka takardar sidi 20 da takardu biyu na sidi goma-goma, ba ka ƙaru ba, ba ka ragu ba. Nike ya yi haka sau bakwai, na farko a 1983, na baya-bayan nan a watan Disamba na 2015, har hannu ɗaya na asali ya zama 128. Idan ka raba dala 22 gida 128 za ka sami wajen santi 17, wanda shi ne abin da ɗan ƙanwata ya gani. Da ba a yi wannan gyara ba, mai duba layin Disamba na 2015 zai ga farashi ya rikito daga wajen dala 130 zuwa rabinta dare ɗaya, ya zaci musiba ta auka wa kamfanin, alhali babu wanda ya yi hasarar ko kwabo. Akwai kuma gyara na biyu, wanda ke lissafa rabon ribar da kamfani ke biyan masu hannu duk wata uku, kuma ginshiƙin da ke ɗauke da wannan gyara shi ne ya fi dacewa da wanda ke son sanin abin da ya samu gaba ɗaya. Wanda ke son sanin abin da aka biya a kasuwa a wata rana kuwa, sai ya warware gyaran tukuna.

Mu mutanen Gana bai kamata wannan ya ba mu wuya ba, domin mun gan shi da idonmu a watan Yuli na 2007, lokacin da aka mai da tsohuwar sidi 10,000 ta zama sabuwa ɗaya, har yau kuma akwai tsofaffin da ke kiran sidi 100 miliyan ɗaya.

To, amma mas'alar da ta fi damuna, wadda kuma jadawalin ba zai taɓa faɗa maka ba, ita ce ta kuɗin da ake awo da shi. A watan Nuwamba na 2021 hannun Nike ya kai ƙololuwarsa, ya haura dala 175, a lokacin kuwa dala tana wajen sidi 6, wato hannu ɗaya sidi dubu da 'yan kai. A ƙarshen Yuni na 2024 farashin ya sauko wajen dala 75, bai kai rabin na da ba, amma dala ta kai wajen sidi 15, sai ga hannun ya zama sidi 1,100 da ɗoriya. Mutumin Amurka ya yi hasarar fiye da rabin jarinsa, mutumin Gumbihini kuwa, idan da sidi yake lissafi, zai ce ya ɗan ci riba; sai dai ka tambaye shi buhun masara nawa sidi dubu ke saya a 2021, nawa kuma take saya a 2024, bayan tsadar kayayyaki ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba na 2022. Saboda haka ni a ganina, wanda zai yi amfani da tarihin farashi daga nan ƙasar, wajibi ne ya ajiye lissafi uku kafaɗa da kafaɗa, na dala, da na sidi, da na abin da sidin ke saya a kasuwa, in ba haka ba alƙalami zai yi masa daɗin baki.

Sa'an nan kowane babban motsi da ke cikin jadawalin yana da sababinsa, kuma nemo sababin shi ne rabin karatun. Ranar 28 ga Yuni 2024 hannun ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari yini ɗaya, daga wajen dala 94, domin daren da ya gabata kamfanin ya sanar cewa cinikinsa zai ragu. Asalin ciwon kuwa ya daɗe, tun da ya janye kayansa daga kantunan dillalai da yawa yana son ya sayar wa mutane kai tsaye, sai sababbin abokan gasa irin su Hoka da On suka mamaye gurbin da ya bari, kuma ba a yi wata huɗu ba aka sauya shugaban kamfanin, Elliott Hill ya gaji John Donahoe. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa raina dillalinsa ya san wannan labari. Abin da jadawalin ba ya bayarwa shi ne labarin gobe, wannan gaibu ne, kuma ina jin takaici ƙwarai idan na ga masu yi wa samarinmu alkawarin cewa zanen jiya zai nuna musu farashin jibi, su karɓe ɗan abin da yaro ya tara. Wanda zai saya, ya bi ta dillalin da hukumar kula da hannayen jari ta ba shi lasisi.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, ita ce ta ibada da haƙƙin bayi. Fuƙaha'unmu na mazhabar Maliku sun bambanta ɗan kasuwa mudiri, mai juya haja kullum, wanda ke ƙimanta kayansa duk shekara ya fitar da rubu'in ushuri, wato biyu da rabi cikin ɗari, idan ya kai nisabi, da muhtakiri, mai ajiya yana jiran kasuwa, wanda ke fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar. Malaman zamani kuma sun yi ijtihadi wajen ɗora hannayen jari bisa waɗannan ƙa'idoji, da saɓani a tsakaninsu, haka nan a kan kamfanin da sana'arsa halal ce amma yana cin bashi da ruwa. Ko wace fatawa mutum ya bi, ranar da shekara ta zagayo masa sai ya san ƙimar abin da ya mallaka a ranar, haka ma masu rabon gado idan mamaci ya bar hannaye, kuma jadawalin nan shi ne shaidar da za a kafa. A nan ginshiƙin farashin tashi na ranar ake dubawa, ba wanda aka gyara don rabon riba ba, a warware gyaran tsagawa idan akwai shi, a ninka shi da adadin hannayen da ke hannu a lokacin, a juya shi sidi bisa canjin ranar. Idan kuwa ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi, da kasuwar New York ke rufe, sai a koma layin Jumma'ar da ta gabata.